Banufe, wa ya yi maka babi na huɗu?

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran Nufawan da muka bari suna yi mana gadin kifi a bakin Kwara. Bayan haka, labari ya iso mini cewa ka buga sabon kati, ka cire "malamin jami'a" ka sa "masanin kimiyyar sarrafa bayanai". An ce har karin hularka ya canza. Na yi murna, domin abin da bawa ya samu ai na ubangidansa ne. Sai dai kundin digirinka na uku a kan masuntan madatsar Zobe yake, Zobe kuwa tamu ce, ba zan bari ka fita da sunanta duniya ba sai na kwance ƙunshin na ga abin da ka ɗauro.

Na kuwa kwance. Babi na ɗaya naka ne, na gane ka da yawan kewaye-kewaye. Babi na biyu na jama'a ne, wane ya ce, wane ya ce, har shafi sittin. Babi na uku kun yi tarayya da wani kundin da ya riga naka zuwa duniya. Da na iso babi na huɗu sai na ga Turancin ya miƙe, jadawali sun jeru tsaf, lambobi har uku-uku bayan ɗigo. Na ce a raina wannan ba hannun Banufe ba ne. Na buga maka waya na tambaye ka me 0.000 ɗin nan na ƙasan jadawali na bakwai yake nufi, ka ce sabis ba kyau, ba ka jina. Da na koma zancen shinkafar Bida sai sabis ya dawo.

Kada ka wahalar da kanka wajen ɓoyewa. Da wuya ka sami garin da ke da jami'a a ƙasar nan wanda babu shagon kwamfuta a bakin ƙofarta, a cikin shagon kuma akwai wani matashi da ake kira mai analisis. Aikinsa kamar na tela ne, kai za ka faɗi ɗinkin da kake so. Ka kai masa takardun tambayoyi a leda, ya dube ka ya ce, "Oga, so kake a samu alaƙa ko kada a samu?" Ka biya, ka dawo jibi ka karɓi babi na huɗu da na biyar kyauta. Sunan jami'arku ba zan ambata ba, don kada laifin mutum ɗaya ya shafi bayin Allah.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙasar da ka zaɓa ka yi wa wannan aika-aika. Ƙasar Katsina fa, Banufe! Tun kakanninka suna koyon riƙe filafili muke lissafi. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi, kowane layi ya ba da jimla ɗaya, a tsaye ko a kwance ko a karkace. Har yau masu rubuta tarihin lissafi suna ambatonsa. Daga shi sai alƙalami da tawada, kuma bai aiki kowa shago ba.

In ka ce wannan ya yi nisa, ga na kusa. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 jihohin Nijeriya 19 ne, doka kuma ta ce ban da rinjaye, sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohin. Shehu Shagari ya samu a 12. A ta 13, wato Kano, ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Sai ƙasa ta ɗauki zafi a kan tambayar da ɗan aji shida zai iya rubutawa a allo: nawa ne biyu bisa uku na 19? Sha uku ne, ko sha biyu da biyu bisa uku? Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ɗauki na biyun, Obafemi Awolowo ya garzaya kotu, Kotun Ƙoli ta bar wa Shagari kujerarsa. Sakataren hukumar a lokacin shi ne Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda ya riƙe sarautar Maraɗin Katsina, hakimin Kurfi, nan maƙwabtanmu. Ba shari'ar nake son tayarwa ba, lauyoyi har gobe suna musu a kanta. So nake ka san mutanen yankin nan sun ga ranar da ɓurɓushin lamba ya yanke wanda zai mulki ƙasa, saboda haka ba a kawo mana lamba a ce mu haɗiye ba tauna.

Shagarin nan kuwa a zamaninsa aka gama madatsar Zobe a kan kogin Karaɗuwa, a 1983. Bangonta na ƙasa ne, tsawonsa ya kusa kilomita 3, tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170. An gina ta don ruwan sha da noman rani, amma aikin ruwan famfon sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe shi, shekara 38 bayan gama madatsar. Ka ga wuri ne da tambayoyi suka yi wa yawa. Ruwa nawa ke shiga da damina, nawa rana ke shanyewa da bazara? Yashi da laka nawa suka taru a ƙasa tun 1983? Kadada nawa ake nomawa da rani, kuma me ake shukawa? Kifin yana raguwa ne, ko masuntan ne suka ƙaru? Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ɗalibansu suna da wannan ruwa a gefensu ba sai sun hau jirgi ba. Da na ji Banufe, ɗan ruwa, zai yi bincike a kan kifinmu, na ce to, ko ba komai an sami wanda ya san tarwaɗa da kurungu. Ashe kai kifi a miya kawai ka san shi.

Mu fara da masunta 400 da ka ce ka tambaya. Ka ce ka samo adadin ne da dabarar "Yaro Yamane". Mutumin sunansa Taro, Banufe, Taro Yamane, kuma a littafinsa na 1967 dabarar take. Kuskuren sunan nan ya daɗe yana yawo daga kundi zuwa kundi, duk wanda ka gani da shi ka san bai taɓa buɗe littafin ba. Ita dabarar, in ka yarda da kuskuren kashi biyar cikin ɗari, kusan amsa ɗaya take ba kowa: jama'a 10,000 ta ce ka tambayi 385, jama'a 100,000 ta ce 398, miliyan ɗaya ta ce 400. Shi ya sa mai binciken masu sayar da goro da mai binciken malaman asibiti duk 400 suke kawowa. Kuma tana da sharaɗin da ba ka karanta ba: sai an zaɓi mutanen da ƙuri'a, yadda kowane masunci yake da damar faɗowa a ciki daidai da ɗan uwansa. Wannan yana bukatar ka zauna da sarkin ruwa da masu unguwanni ku fitar da sunayen masunta tukuna. Wanda ya tsaya a bakin titi yana tare duk mai ƙarnin kifi, ko dubu ya tara, waɗanda ke kusa da titi kawai ya tambaya.

Wannan ma in ka tambayi wani ke nan. Na duba takardun ɗaya bayan ɗaya. Biro ɗaya, hannu ɗaya, kuma babu ko ɗaya da ruwa ya taɓa, a binciken da aka ce a bakin dam aka yi shi. Amma ba wannan ne ya tona ka ba, shekarun ne. A ƙauyukanmu in ka tambayi magidanci shekarunsa zai ce talatin, ko arba'in, ko ya ce an haife shi shekarar da aka yi kaza. Masana ƙidayar jama'a sun san lambobi suna taruwa a kan masu ƙarewa da sifiri da biyar, har ma'auni gare su na gane yawan taruwar. Kai kuwa masuntanka akwai mai 37, mai 43, mai 51, kowa ya zo maka da takardar haihuwa a aljihu. Ƙarya ma sai da ilimi, bawan Allah. Alƙaluman gaskiya da datti suke zuwa: wani ya ƙi amsawa, wani ya amsa abin da ba a tambaye shi ba, wani an rubuta masa 'ya'ya 88 saboda hannu ya zarce. Wanke wannan dattin shi ne mafi yawan aikin masanin da ka sa wa kanka sunansa, kuma shi ne ɓangaren da ba a ɗaukar hotonsa a sa a Facebook.

Sai kilo. Jadawalinka ya ce kowane masunci yana kama kilo kaza a rana. Wa ya auna? Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa da hantsi ya san da daro da kwando ake ciniki, in an shiga kasuwa kuma kashi-kashi. Daron karfasa da daron tarwaɗa nauyinsu ba ɗaya ba ne, daron wannan dillali da na wancan ma ba lallai su zo ɗaya ba. Mai bincike na gaske sikeli yake ratayawa, ya auna daro da yawa na kowane irin kifi, da damina da rani, sannan ya rubuta yadda ya mayar da daro kilo don na baya ya iya bin sawunsa. Haka masu binciken noma suke fama da dami da buhu da tiya. Tambayar kuɗin shiga kuwa ta fi kowace haɗari. In mutane suka zaci tallafi ka zo rubutawa, ranar babu mai ko akuya a garin. In suka zaci haraji ne, babu wanda ya taɓa kama kifi tun da aka haife shi. Babu manhajar da za ta gyara maka wannan, sai zama da mutane har su daina ganinka baƙo, abin da ya kamata ya yi wa Banufe sauƙi tun da ku ba ku gajiya da zaman gidan mutane.

Ka kuma rubuta cewa matsakaicin abin da masunci ke samu ya nuna suna cikin wadata. Bari in ba ka lissafin da ko a bayan kwali za ka iya yi. A ce masunta 9 kowa yana samun naira 5,000 a rana, na goma kuma dillali ne mai jirage, yana samun 105,000. Ka tara ka raba goma, ya ba ka 15,000. A takarda kowa ya ninka samunsa uku, a gida kuwa tuwon jiya ne. Da ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, 5,000 za ka gani, ita ce ta fi kusa da gaskiyar garin. Mai analisis ba zai gaya maka wannan ba, don bai san akwai dillali a cikinsu ba. Kai ne ya kamata ka sani.

Akwai wuri ɗaya da zan sassauta maka, shi ma ba don halinka ba. Kowa ya san halin tsaro da yankin nan ya shiga a shekarun nan, daga Safana da Batsari har ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma. Akwai garuruwan da mai hankali ba zai ce wa ɗalibi ya ɗauki jaka ya shiga ba, kuma babu digirin da ya kai rai. Wanda bai je ba saboda wannan, ba a zarginsa. Abin zargi shi ne ya rubuta cewa ya je. Ka faɗa a fili: ƙauyuka kaza na shiga, kaza ban shiga ba, dalili kuwa ga shi, don haka sakamakona bai shafi mutanen can ba. Waɗanda ba a iya kai wa gare su sau da yawa su ne suka fi shan wahala, in ka cike gurbinsu da amsar ƙirƙira ka shafe wahalarsu daga takarda, gobe kuma wani jami'i ya ɗauki takardar ya yi kasafi da ita.

To mu koma kan 0.000 da sabis ya hana ka amsawa. Ba sifiri ba ne. Manhajar SPSS ce ta gajarta lambar saboda ƙanƙantarta, shi ya sa masu sani suke rubuta cewa ta gaza 0.001. Abin da lambar ke faɗi shi ne: in da a ce babu wata alaƙa tsakanin abubuwan nan biyu, da wuya a ga irin wannan sakamako. Iyakarta ke nan. Ba ta ce alaƙar babba ce ba, ba ta ce wannan ne ya haifar da wancan ba. Mangwaro da sanƙarau lokaci ɗaya suke yawaita a ƙasar Hausa, ka sa su a kwamfuta za ta ce maka akwai alaƙa, alhali bazara ce ta kawo su duka. Shi kansa 0.05 da kuke rantsuwa da shi ba saukakke ba ne. Ronald Fisher, wani Bature da ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila tun daga 1919, shi ya yaɗa shi a littafinsa na 1925, don ya ga ɗaya cikin ashirin iyaka ce mai sauƙin aiki. Ma'anarsa kuwa, in ka gwada abubuwa ashirin da ba su da alaƙa da komai, kada ka yi mamaki in ɗaya ya "fito" don sa'a kawai. A nan mai analisis yake cin abincinsa: ya yi ta gwadawa har wani ya fito, ya ɓoye sauran. Abin ya dami masana har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwar gargaɗi a kansa a 2016.

Kada ka ce don kai Banufe ne na sa maka ido. Manya ma sun faɗa. A 2010 wasu farfesoshi biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da bincike cewa in bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara, bunƙasarta takan durƙushe. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya yi ta ƙoƙarin maimaita lissafin ya kasa, ya roƙi a ba shi ainihin fayil ɗin Excel. Da ya buɗe sai ya ga an tsallake ƙasashe biyar wajen fitar da matsakaici. A 2020 kuma hukumar lafiya ta Ingila ta zubar da sakamakon mutum kusan 16,000 da suka kamu da korona, saboda tsohon samfurin fayil ɗin Excel da aka yi amfani da shi ya cika bai ɗauki sauran layukan ba. Amma ka lura da abu ɗaya: Reinhart da Rogoff suna da fayil ɗin da za su bayar, shi ya sa aka gano kuskuren. Kai in ɗalibi ya ce ka ba shi naka, lambar wayar mai shago za ka ba shi?

Abin takaicin, kayan aikin yanzu kyauta suke. SPSS tun 1968 take, kuma da kuɗi ake sayen lasisinta, da yawan waɗanda ke yawo a shaguna ta bayan gida suka shigo. Amma R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyuzilan, ba a biyan ko kwabo. Haka Python. Amfaninsu da ya fi kyautar shi ne kowane mataki a rubuce yake: ga inda na cire mai 'ya'ya 88, ga inda na mayar da daro kilo, ga gwajin da na yi. Bayan shekara biyar wani ya danna ya sami abin da ka samu, ko ya ga inda ka kauce. KoboToolbox kuma a waya ake sa ta, tana aiki ko babu sabis, tana rubuta lokacin da aka cike kowace takarda, in an so har da wurin da aka tsaya. Na san dalilin da ya sa ba ka sonta: da ta nuna masunta 400 duk a falonka suke kamun kifi, tsakanin isha'i da sha biyun dare.

Har inda ƙafa ba ta zuwa akwai hanya. Tauraron ɗan'adam na Landsat 5 ya tashi a 1984, shekara ɗaya bayan gama Zobe, kuma tun 2008 Amurka ta buɗe hotunan Landsat ga kowa kyauta. Na wasu shekarun farko ba su da yawa, amma akwai. Sentinel-2 na Turai, da ya fara a 2015, yana ganin fili mai faɗin mita 10, yana kuma dawowa duk bayan kwana biyar. Alƙaluman ruwan sama na CHIRPS sun faro daga 1981. Da waɗannan da manhajar taswira ta QGIS, ita ma kyauta, mutum yana zaune a Dutsin-Ma zai iya auna yadda faɗin ruwan Zobe yake ja da baya daga kaka zuwa bazara shekara bayan shekara, da yadda koren noman rani yake faɗaɗa ko yake tsukewa a gefensa. Ya haɗa wannan da abin da sikeli ya nuna masa a bakin ruwa, ya sami kundin da hukumar kogunan Sakkwato da Rima za ta iya buɗewa ta amfana.

Na ji an ce yanzu ka sallami mai shago ka koma ChatGPT. Ka sauya mai analisis ne kawai, ka ɗauki wanda ba ya karɓar kuɗin kati. Yana da amfani ga wanda ya san abin da yake nema, zai gyara maka umarnin R da ya ƙi tafiya, ya bayyana maka abin da ya shige maka duhu. Amma bai taɓa zuwa bakin Zobe ba, kuma in ka matsa masa zai ƙirƙiro maka sunan littafi da marubucinsa ba tare da ya ƙifta ido ba. A nan kam kun dace da juna.

Wurin koyo bai yi wuya ba. Arewa Data Science Academy, wadda matasan malamanmu na Arewa suka kafa, tana koyar da Python da sarrafa bayanai kyauta ta intanet. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 yana da darasin nazarin bayanai. Sashen lissafi da ƙididdiga na jami'arku kuwa yana nan bayan ofishinka, kullum kana wuce shi kana ɗaga hannu. Abin da zai hana ka girman kai ne kawai, kada a ga mai shirin zama Dakta yana zaune benci ɗaya da 'yan aji biyu. Zauna, ba abin da zai ragu a jikinka. Ka roƙi ɗaya daga cikin malaman can ya duba tsarin tambayoyinka tun kafin ka fita fili, domin bayan an tattara shirme babu gwanin da zai mayar da shi ilimi. Su ma jami'o'in, da za su sa doka cewa ba a kare kundi sai an miƙa ɗanyen alƙaluma da matakan lissafi tare da shi, da shagunan bakin ƙofa sun koma aikinsu na ɗaukar hoton takardu.

Ga hukuncin ubangidanka. Babi na huɗu ka yage shi. Ka dawo Zobe da sikeli da waya, ka sauka a gidana, zan haɗa ka da masunta, masaukinka da furarka a wuyana. Ko mutum 120 ka samu na gaskiya, ka rubuta 120 ka faɗi yadda ka same su. Lissafin kuma ka yi shi da hannunka, ko zai kai ka wata shida. Ranar kare kundi ina sahun gaba, kuma zan ɗaga hannu in nuna lamba ɗaya a jadawali in ce ka faɗa wa jama'a daga bakin wa ta fito. Ladan wannan karatu buhun shinkafar Bida ne, a auna shi a gabana, don na daina yarda da kilon Banufe.